Akori-kura ko Ƴar Tsere: Gardamar Mota a Sabon Garin Maraɗi

Wanda ya tara kuɗin mota a Maraɗi ba shi kaɗai yake zaɓen ta ba. Kafin ya kai ga dillali maganar ta zaga gida, ta leƙa kasuwa, ta sauka a fada, inda samari ke jiran shayi ya nuna. A Sabon Gari akwai gardamar da ba ta tsufa, kuma a kan motoci biyu ne da ba su haɗa komai ba sai taya huɗu. Ɗaya babbar akori-kura ce mai buɗaɗɗen baya, doguwa, mai tsayin ƙafa. Ɗayar ƴar ƙaramar mota ce mai ƙofa biyu, cikinta kusa da ƙasa, wadda aka ƙera don gudu da daɗin tuƙi. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta fi ƙarfin a yi mata dariya, shi ya sa na ga ya dace a zauna a auna su da natsuwa.

A Amurka, inda aka fi ji da manyan akori-kura, ana nufin irin su Ford F-150, Chevrolet Silverado, Ram da Toyota Tundra. Mai layin kujeru biyu a cikinsu takan kai kusan mita 6 a tsawo, mita 2 a faɗi, nauyinta ya zarce tan 2 tun ba a ɗora mata komai ba. Jerin motocin F na kamfanin Ford ya faro ne a 1948, kuma ya shafe fiye da shekara 40 babu motar da ta kai shi ciniki a ƙasar. A nan jefi-jefi ake ganin Tundra. Waɗanda suka cika mana hanya su ne ƙannenta, Toyota Hilux da aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ta jerin 70, wadda ta fito a 1984. A ɗaya gefen, abin misali a duniya shi ne Mazda MX-5: ta fito a 1989, kujera biyu, tsawonta bai kai mita 4 ba, nauyinta kusan tan 1, kuma zuwa 2016 an ƙera miliyan guda. Abin da ya fi zuwa hannun samarinmu dai tsofaffin Turai ne, irin Peugeot 206 mai buɗe rufi, Toyota Celica, ko Mercedes da BMW masu ƙofa biyu.

Masu goyon akori-kura da ƙasa suke fara magana, kuma suna da gaskiya. Maraɗin da muke ciki a kan tudu take, tun bayan ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari a fadama har aka hauro da shi. Duk ruwan da ya sauka a kan tudun nan hanyar gulbi yake nema, kuma ta cikin unguwanni yake bi. Yakan ƙwaƙule titi ya bar rami, ya kwashi yashi ya jibge a wata mararraba. Bikin Maraɗi Kwalliya na Disamban 2015 ya kawo wa garin kwalta da gyaran manyan hanyoyi, amma da ka karya kwana ka shiga layin gidanku, yashi ne ke jiran ka. Wanda ya ga ruwan da aka yi a ƙarshen Agustan 2024, wanda ya rushe gidaje ya ci rayuka a cikin garin nan, ya san abin da titi ke komawa cikin sa'a ɗaya. Tsakanin cikin ƴar tsere da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 14 ba. Na Hilux ya haura 20, ga ta kuma kat-kat, duka tayoyi huɗu suna ja in an buƙata. Wannan bambancin na faɗin tafin hannu shi ke raba wanda ya kwana gida da wanda ya kwana yana neman yaran da za su tura.

Ko da rani ma, tsaya kusa da ɗaya daga cikin tuddan da ake yi a kan titi don rage gudu, ka kalli yadda mai ƴar tsere ke haye shi. Zai taka burki tun daga nesa har ƴan kabu-kabu su fara yi masa oda. Ba zai tunkari tudun gaba da gaba ba, sai ya karkata motar, ya ɗora tayar dama, ya jira, ya ɗora ta hagu. In abokinsa mai jiki ne, sauka zai yi ya tsaya gefe yana leƙen ƙasan motar yana cewa taho, taho, tsaya. Duk da haka sai ka ji ƙarar ƙarfe ya goga siminti, ka ga fuskar mai motar ta canza, don ya san abin da ke wurin: kaskon da baƙin mai ke taruwa ne, da bututun hayaƙi. In kaskon ya tsage bai lura ba, kafin ya kai gida injin ya sha wuta. Hilux kuwa ta riga ta wuce, direbanta ko saurarawa bai yi ba.

Sai batun kaya, wanda shi ne ƙashin bayan hujjarsu. Arzikin jihar nan a buhu yake tafiya: gero, wake, gyaɗa, riɗi, aya. Wanda ba ya buhu a ƙafa huɗu yake, kamar jar akuyar Maraɗi da aka sani har ƙasashen waje saboda fatarta. A Jiratawa, kimanin kilomita 10 kudu da gari, akwai filin noman rani mai faɗin hekta kusan 500 da aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, kuma zogalensa ya yi suna har Yamai. Ganye ba ya jira. Da sassafe mata ke tsinke shi, a cusa a buhu a danna da gwiwa, a ɗinke baki, a yayyafa ruwa. In rana ta take yana nan a bakin hanya, zai yi zafi daga ciki, ya fara baƙi, kuɗinsa ya faɗi kafin mai shi ya ga mai saye. Motar da za ta shiga har bakin gona ta ɗauka ita ce ke tsakanin manomi da hasara. Hilux na ɗaukar kusan tan guda, wato buhu 10 na gero mai kilo 100. Ƴar tsere, in ka buɗe bayanta, ƙananan jakunkuna biyu sun cika shi. Mai akori-kura zai ce maka motarsa tana fita da safe ta dawo da kuɗin manta da na cefane, ta ɗan'uwansa kuwa duk fitar da ta yi aljihu ne ke raguwa.

Akwai tarihi a bayan wannan magana. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, da gyaɗa da fatauci tsakanin nan da Katsina da Kano suka kafu, kuma sufuri na cikin abin da ya ɗaga su. Dattawa suna tuna Peugeot 404 da 504 masu rumfar tamfol a baya, waɗanda suka yi shekaru suna jigilar kasuwannin ƙauye, musamman bayan da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, kayan gyara suka wadata. Toyota ce ta gaje su. Sunanta ya ƙara fita a 1987, lokacin da sojojin Chadi suka fatattaki rundunar Libiya mai tankoki a Wadi Dum suna kan akori-kura, har duniya ta sa wa yaƙin sunan kamfanin. Ga mai mota a Sabon Gari amfanin wannan suna a gareji yake bayyana. Injin gazuwal mai silinda shida na Land Cruiser, yaron makanike ma ya san cikinsa. Abin da aka rasa a nan za a samo a Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano cikin kwana biyu. In kuma buƙata ta taso aka ce a sayar, Hilux ba ta kwana a hannun dillali, kuma ba ta faɗuwa warwas kamar sauran motoci.

Da a nan maganar ta tsaya, da babu muhawara. Amma masu ƴar tsere ba su zo hannu rabbana ba, kuma tambayarsu ta farko tana da nauyi: cikin akori-kurar da ke yawo tsakanin Sabon Gari da Ali Ɗan Sofo da unguwar Zariya, nawa ne ke ɗauke da wani abu? Ka duba bayansu. Da yawa fes suke, ko ƙwarzane babu, wasu ma an rufe su da murfi mai sheƙi da ba a taɓa buɗewa ba. Mutum ɗaya ne a ciki, ya ɗauko ƙarfe tan biyu zai je sayen katin waya. In dai ado ne, in ji su, kowa ado yake yi, sai dai nasu ya fi araha kuma ba ya fakewa da sunan aiki. Wannan magana ta kama ni, don gaskiya ce. Hujjar buhu da zogale ta mai buhu da zogale ce. Ba ta zama hujja ga ma'aikacin ofis ko mai kantin waya da ko gonar gado ba ya zuwa.

Sun fi ƙarfi a wajen mai. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, ta gazuwal daga 668 zuwa 618. Mu yi lissafi da waɗannan a kan hanyar Yamai, mai kusan kilomita 660. Tundra mai injin esansi na lita 5.7 takan sha wajen lita 16 a kowace kilomita 100, wato sama da lita 100 kafin ta isa, kuɗi ya haura jika 50. Hilux ta gazuwal, a kan lita 9, za ta ci kusan jika 37. Ƴar ƙaramar mota mai shan lita 7 za ta ci wajen jika 23. Zuwa kaɗai ke nan. Da can wannan lissafi bai dami kowa ba, saboda man ruwa-ruwa da ke tsallakowa daga Najeriya ya cika kwalabe a kowace kwana, arha kamar banza. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, wannan rijiya ta ƙafe. Nauyi ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, kuma a Maris ɗin 2025 mun ga layin da motoci suka yi a gidajen mai. A irin wannan rana, mai motar da lita 10 ke kai wa mako ya fi mai tankin lita 100 kwanciyar hankali.

Kuɗin saye ma haka. Tun da iyakar Benin ta rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, motar da da can ake saukewa a Kwatano a koro ta, yanzu sai ta zagayo ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗi ya ƙaru. A kuɗin Hilux ɗaya mai lafiya, mutum zai sayi tsohuwar ƴar tsere ya biya duwan da inshora, ya rage jarin da zai juya. Tayar akori-kura ɗaya ta kusa kuɗin ƙanana biyu. Ga kuma cunkoso: wanda ya taɓa neman wurin tsayawa kusa da babbar kasuwa ranar da ta cika, tsakanin amalanke da adaidaita da masu tallan kan tebur, ya san mota mai mita 6 azaba ce.

Akwai hujjar da ba su cika kawowa ba, ni kuwa ita ta fi tsaya mini a rai. Babbar mota tana kare wanda ke cikinta, amma wanda ke wajenta fa? A 2023 cibiyar IIHS ta Amurka, mai binciken haɗurran mota, ta fitar da sakamakon da ya nuna cewa motar da tsayin gabanta ya wuce mita guda ta fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100, in aka gwada ta da mota mai gajeren gaba mai gangara. Dalilin a fili yake. Gajerar mota ƙafafu take duka, mutum ya faɗo a kan murfin inji. Doguwa kuwa ƙirji da kai take samu, ta tura mutum ƙasa ta bi ta kansa. Sannan direban da ke can sama ba ya ganin abin da ke dab da hancin motarsa. A ƙasar da aka yi binciken, yara ba su cika wasa a tsakiyar layi ba. A Sabon Gari kuwa layi shi ne filin wasa, shi ne hanyar makarantar allo, nan almajiri ke tsugune da kwanonsa, nan yarinya ke bi da tire a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Duk mai son babbar mota ya kamata ya zauna a kujerar direba, ya sa a tsayar da yaro ɗan shekara biyar a gabanta, ya ga ko zai hango ko da hularsa. Ga kuma al'adarmu ta loda mutane a baya, su ashirin, wasu a kan buhu, ƙafafu na lilo a waje. Bayan akori-kura ba shi da kujera, ba shi da ɗamara, ba shi da rufi. Taya ɗaya ta fashe a guje, gari guda ne ke zaman makoki.

Sai dai in an zo maganar rai, ƴar tsere ma ba ta fita da hannu mai tsabta. An ƙera ta ne don gudu, kuma wanda ya saye ta zai so ya ji abin da ya biya. A ina? Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Kwanni da Gidan Rumji, ta wuce Tibiri ta nufi Tasawa da Damagaram, ita ce mafi kyawun abin da muke da shi, kuma ba ta mota kaɗai ba ce. Amalanken shanu na kanta ba fitila, garken awaki na tsallakawa, babbar mota ta lalace an jera ganye a bayanta maimakon alama, ɗan kabu-kabu ya juya ba tare da ya waiga ba. Motar da ke kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa bakwai ko takwas, a hannun saurayin da ke son abokai su gani, a kan irin wannan hanya, ba ƙaramin haɗari ba ce. Mun san abin da ke faruwa a rakiyar amarya, yadda ake jan burki ana juya mota a tsakiyar jama'a, ƙura ta tashi, mata na ihu. Kuma in ta haɗu da babbar mota, mai tan guda ce ke niƙewa.

Yanayi ma bai goyi bayanta ba. Daɗin mota mai buɗe rufi a ƙasar sanyi yake. A nan watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, daga Disamba kuma hunturu ya taso da ƙurar da ke shiga har cikin haƙora. Kwana nawa ne a shekara mutum zai buɗe rufin? Siraran tayoyinta ba sa jure rami, bugu ɗaya ƙarfen taya ya lanƙwashe. Injinta mai na'urori da yawa ne, yana son mai tsabtatacce, ba ya yafe wa man kwalba da aka tace da tsumma. In wata ƴar na'ura ta mutu, makanike zai juya ta a hannu ya ce sai an aiko daga waje. Shi ya sa a gareji da yawa za ka ga irinsu a can ƙurya, an ɗora su a kan bulo, ƙura ta rufe gilashi har yara sun yi rubutu a kai. Arhar da aka samu ranar saye a nan take zubewa.

Duk waɗannan ana iya auna su da lita da santimita. Abin da ya fi su nauyi a wurina shi ne kujera, don a garin nan mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Irin zancen da ake yi a zaure in saurayi ya zo da hoton motar da yake so a waya, kusan kowa ya taɓa jin sa. Dattijo zai karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, ta yi kyau, Allah ya sa alheri. To mutum nawa take ɗauka?"

"Biyu ne, Baba. Ni da mutum ɗaya."

"In aka yi rasuwa a Tibiri, innarka ta tashi gaisuwa da ƙannenta, wa za ka ɗauka, wa za ka bari?"

"Ai Baba akwai taksi, sai in biya musu."

"Kana da mota a ƙofar gida, uwarka ta tsaya bakin titi tana tsayar da taksi?"

A nan saurayi kan sunkuyar da kai. Tibiri kilomita 12 ce kawai daga nan, kuma tun da Gobirawa suka kafa ta a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, ita da Katsinawan Maraɗi suke auratayya da zumunci. Da wuya ka sami gida a Sabon Gari da ba shi da dangi a can, ko a Jiratawa, ko Madarumfa, ko wani ƙauyen da kwalta ba ta kai ba. Suna, biki, jana'iza, kai amarya da gadonta da kwallayenta, ɗauko mai naƙuda da tsakar dare daga ƙauyen da motar asibiti ba za ta iso da wuri ba, kwaso damman gero bayan girbi: duk a kan motar wanda Allah ya hore wa suke faɗawa. Hilux mai layin kujeru biyu tana ɗaukar mutum biyar a ciki, kaya a baya. Mota mai kujera biyu kuwa ta riga ta ba da amsa tun kafin a tambaya.

Ban ce wannan bai da ɗaci ga mai akori-kura ba. Wayarsa ba ta hutawa. Wanda bai taɓa gaishe shi ba zai zo aron mota ya kwaso bulo, a dawo masa da ita tanki a bushe, an karya fitila, kuma in ya yi magana a ce arziki ya sa shi girman kai. Akwai waɗanda gyaran motar da jama'a suka kashe ya cinye musu jari. Na san cikin masu son ƴar tsere akwai wanda ba gudun ne ya dame shi ba, kariya yake nema. Yana so ya ce wallahi da na kai ku, amma kun ga motar. Ina fahimtar gajiyarsa, kuma ban ga laifin mutum ya so abu don kansa ba, bayan ya sha rana ya tara. Jin daɗin tuƙi halal ne, samartaka kuma ba ta dawowa. Amma dubarar ba ta kai shi inda yake so. Mutane ba za su ce motarsa ƙarama ce ba, za su ce ya sayi motar da ba za ta ɗauke su ba, kuma ya san haka ya saya. Wanda ke son ya iyakance aro, gara ya koyi cewa yau ba zai yiwu ba, da bakinsa, ya ɗauki wanda ya wajaba ya bar wanda bai wajaba ba. Ranar da mahaifiyarsa za ta kwanta ciwo, ba zai so a ce sai an je an tada maƙwabci ba.

Akwai kuma wani abin da ya shigo lissafi a shekarun nan. Tun wajen 2019, da ƴan gudun hijira suka fara kwararowa daga Sakkwato da Zamfara zuwa yankin Gidan Rumji, matsalar ƴan bindiga da satar mutane don kuɗin fansa ta addabi ƙauyukan bakin iyaka, har da na Madarumfa. Mai shiga daji da mota yanzu yana tunanin wanda zai gan shi. Sabuwar kat-kat mai ƙyalli tana shelar cewa mai ita yana da abin biya, jar ƴar tsere kuwa ta fi ta shela, sai dai ita ba ta ma isa can. A nan tsohuwar akori-kura mai ƙwarzane, wadda kowa ya san ta da ɗaukar buhu, ta fi su duka sutura.

In aka ce in yanke, zan fara da cire babbar ta Amurka daga lissafi. An yi ta ne don faffaɗan titi da mai mai arha da jan tirela, kuma abin da take ɗauka a baya bai fi na Hilux da wani abin kirki ba, alhali ta fi ta shan mai nesa ba kusa ba, kayan gyaranta sun fi wuya, gabanta ya fi tsayi a layin da yara ke wasa. Ƴar tsere mai kujera biyu kuma ba ta zama motar farko a gida ba. Wanda ya riga ya mallaki motar da ke ɗaukar iyali da kaya, in ya ƙara ta don marmari, ya kiyaye gudu, ba ni da ta cewa. Wanda kuma ba shi da gona, ba shi da kaya, zirga-zirgarsa daga gida zuwa kanti ce, kada ya ɗora wa kansa akori-kura don a ce ya isa. Ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, irin Corolla da kowane makanike ya sani, za ta ɗauki innarsa da ƙannenta, ta sha mai kaɗan, ta bar masa jarinsa.

Amma tsakanin biyun da ake gardama a kansu, ga mutumin da mota ɗaya zai iya saye kuma yana da ƙafa a kasuwa da ƙafa a ƙauye, kamar yawancin masu neman kuɗi a garin nan, ina bayan akori-kura ta gazuwal matsakaiciya, da sharaɗin ta yi aiki, kuma kada a mai da bayanta motar fasinja. Aikin ma ƙaruwa zai yi. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa ta Katsina da Jibiya. In ya kammala, siminti da taki da kayan masarufi a tasha za a sauke su, wake da aya da riɗi kuma sai an kawo su tashar kafin su hau. Jirgi ba ya zuwa bakin gona a Jiratawa, ba ya zuwa kasuwar Tibiri, ba ya bin yashin hanyar Dakwaro zuwa ƙauyuka. Wannan ɗan tsakanin, kilomita 10 nan, 40 can, masu buɗaɗɗen baya ne za su ci kuɗinsa.